Shekarar da Rariyoyi Suka Bushe

Tun ina ƙarama kaina a ƙasa nake tafiya. Mutane na cewa ladabi ne, ni kuwa na san kunya ce kawai. Da na haɗa ido da babba sai harshena ya yi nauyi. Saboda haka abin da na fi sani a garinmu shi ne gindin katanga. Kowane gida yana da rariya, 'yar kafar nan da ake hudawa a ƙasan bango don ruwan wanka da na wanke-wanke ya fita waje. Daga ƙofar gidanmu har lakkol, makarantarmu ta boko, na san kowace rariya kamar yadda wasu suka san fuskokin masu gidajen. Ta gidan mahauci ja-ja take fitarwa, da maiƙo yana yawo a sama. Gidan da aka yi haihuwa kuwa ruwansa da tururi yake fitowa da sassafe, yana ƙanshin dafaffen ganye. Inda aka wanke gero sai ka ga ruwan fari kamar an tsarma nono, kaji sun taru suna tsattsaga.

Garinmu ƙarami ne, gabas da Damagaram, a gefen hanyar Zermu. An ce kafin a haife ni duk wannan ruwa a lunguna yake kwanciya, ya yi baƙi, sauro ya hana kowa barci. Daga baya hukuma ta gina kwata ta siminti ta ratsa tsakiyar gari. Tana ɗaukar ruwan lunguna, da wanda ke zuba a bakin babbar rijiya, da na wurin alwala na masallaci, ta gangara da shi bayan gari inda aka haƙa ramuka uku a jere. A ramin farko ruwa ke hutawa, datti ya kwanta a ƙasa. Na biyu cike yake da tsakuwa da yashi da gawayi, kacala ta tsiro a kai har ta fi mutum tsayi. Daga nan ruwan ke tsatsowa zuwa na uku, garau, kana ganin fuskarka a ciki. Ba a shan sa, amma shuka na so.

Babana ne ke kula da kwatar da ramukan. Yana da manjagara, da shebur, da wata doguwar gora da ya ɗaura wa gwangwani a baki. Kullum da hantsi yakan bi kwatar daga masallaci har bayan gari yana tsamo tsummoki da ƙasusuwa da bawon gyaɗa. In ya dawo ba ya shiga gida kai tsaye. Inna takan ajiye masa ruwa da toka a zaure, ya goge hannu da ƙafa tukuna. A lakkol 'yar mai kwata ake ce mini. Wata rana na koma gida ina kuka a kan haka, sai ya zaunar da ni a gabansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa uwata yake kira na.

Ya ce, “Uwata, su waye ke faɗa?”

Na ce, “Duka ajin.”

“To gobe ki tambaye su, wane uba ne a garin nan kowane gida ke aiko masa da saƙo kullum? Har gidan mai gari. Ni kaɗai ne. Sai dai saƙon nasu da wari.”

Inna ta yi dariya har ta saki muciya. Ban tambayi kowa ba, don ba zan iya ba, amma na daina kukan.

A gefen rami na uku ya dasa zogale layi-layi, da 'yar yakuwa. Ba wanda ya kula da su a shekarun ƙoshi. Gonarmu ta gero ce ke riƙe da gidan, don abin da ake ba Baba na aikin kwata ko a can bai isa ya ciyar da mu ba.

Sai fari ya zo. Shekarar farko an samu ɗan abin da aka samu. Ta biyu aka yi shuka, gero ya fito kamar tsawon yatsa, ya tsaya yana jiran ruwa har ya ƙone. Hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi, mata su fito da tukwane, sai iska ta kwashe shi. Igiyar gugar babbar rijiya aka yi ta ƙulla mata wata, ƙulli kan ƙulli.

Ni a rariyoyi na fara ganin abin. Ta gidan mahauci ce ta fara yin shiru, bayan ya gama yanka ramammun shanun da ake kawo masa kamar kyauta. Sai sauran suka bi. Mutane suka koma wanka a tsaye cikin babbar tasa, ruwan da ya taru a wanke tufafi da shi, abin da ya rage a ba akuya. Ba mai zubar da ko cikin ludayi. Gansakukar da ke bakin kowace rariya ta bushe ta naɗe kamar tsohuwar fata. Gidan da aka yi ƙaura kuwa gizo-gizo ke fara sanar da ni, don da an tashi yake saƙa a bakin kafar.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai baki, wadda 'ya'yanta suka tafi kudu suka bar ta. Kullum da safe rariyarta na nuna ɗan farin ruwa, alamar an wanke hatsi. Amma na lura kaji ba sa zuwa wurin, in kuma ya bushe ba fari yake zama ba, toka-toka yake. Na tsuguna na taɓa da yatsa. Toka ce take damawa ta zuba don kada a san tukunyarta ba ta hau wuta ba. Na gaya wa Baba a kunne. Daga ranar duk zogalen da aka tsinko sai a raba, ni ce mai kai mata.

Takan ce, “Ke 'yar shiru-shiru, wa ya ce muku yunwa nake ji? Ajiye can. Zan ba akuya.” Ba ta da akuya.

Zogalen nan shi ya zama abincinmu. A duk faɗin garin nan ne kaɗai ido ke ganin kore. Inna ta dafa shi ta kwaɗa da ɗan ƙuli, wani kuma ta kai kasuwa ta musanya da jar dawar taimako da kamiyo, babbar motar kaya, ke kawowa jifa-jifa.

Ana cikin haka Baffa, ƙanen Baba, ya zo da magana. Maza na ta tafiya Kano neman aikin ƙarfi, shi ma ya yanke zai bi. Ina tsakar gida ina tsince ganye, suna zaure, ina jin su.

“Yaya, tashi mu tafi. Me kake gadi a nan? Kwatar da ko ƙadangare ba ya jiƙa ƙafa a ciki?”

“Har yanzu tana kawowa.”

“Tana kawo me? Ruwan kurkurar bakin tsofaffi?”

“Shi ne kake ci a kwaɗo in ka zo gidan nan, har kana neman ƙari.”

Baffa ya yi dariya, sa'an nan ya sassauta murya. “Wallahi da gaske nake, Yaya. Ganye ba zai kai ku damina ba.”

Inna ba ta saba sa baki in maza na magana ba, amma ranar ta matsa jikin ƙofar zaure ta ce, “Malam, ka tuna da ƙirjinka. Mai tarin nan ne zai je ya yi dakon buhu?” Gaskiya ne, Baba na da tari tun da daɗewa, wanda kan tashi in ya ɗauki abu mai nauyi.

Baba ya ce, “To ku ji. Muddin akwai ruwa a rami na uku, zogale na raye, ina nan. Ranar da ya ƙafe, ba sai kowa ya ce mini tashi ba.”

Baffa ya ce zai tafi ya dawo ya gani. Ya tafi.

Daga ranar rami na uku ya zama abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Na samo karan dawa na ɓoye cikin kacala. Kullum kafin in wuce lakkol sai in zaga in tsoma shi, in ga inda ya jiƙe, in yi alama da farce. Alamun suna ta sauka. A aji mushe, wato malaminmu, na rubutu a allo, ni kuwa hankalina na bayan gari.

Inna ta ɗauki abin da zafi fiye da ni. Ta fara bin gidaje da tulu, ni ina biye da gwangwani, muna roƙon ruwan da aka gama amfani da shi. Matar da ko gishiri ba ta taɓa ara ba. Tsohuwar nan da ta gan mu ta riƙe haɓa.

“Yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Masu bara na neman tsaba, ku kuna neman dauɗa? To shigo, 'yar nan, ga ruwan da na wanke ƙafata, sai dai ki yi haƙuri, ƙafar ta sha rabi.”

Ta juye mana, ta bi mu har ƙofa tana cewa gobe ma mu zo. Wasu sukan ba mu, wasu su ce akuyarsu ta riga mu. Ba mu ji haushin kowa ba. Abin da muka samu mukan kai ramin farko mu zuba, don Baba ya hana a zuba wa shuka kai tsaye. Ya ce sabulu da gishiri na ƙone saiwa, dole ruwa ya bi hanyarsa. Sai dai rabin abin da muka zuba rana ke shanyewa kafin ya ratsa yashi.

Abin da ke riƙe da ramukan a gaskiya masallaci ne. Duk tsananin da ake ciki, ladan yakan cika randunan masallaci daga babbar rijiya, maza su yi alwala. Bayan kowace salla sai wani siririn ruwa ya biyo kwata, kamar zare, yana tura ɗan ƙura a gabansa. Na san lokacinsa. In an sallame azahar nakan tsaya a bakin ramin farko in jira shi ya iso, ya faɗa ciki da 'yar ƙara. Ran Juma'a ya fi kauri, har da kumfa.

Amma rijiyar ma ja da baya take. Mata sukan kwana a layi, guga ta fito da rabin laka. Aka fara rabon ruwa gida-gida. Na ga ƙanwar wata 'yar ajinmu tana tsotsar jiƙaƙƙen tsumman da aka tace ruwa da shi.

Wata rana bayan la'asar ina cikin zogale ina tsinka, sai ga liman da kansa ya gangaro bayan gari, yana dogara sanda. Ban taɓa ganin sa a wurin ba. Manya ba sa zuwa ramuka. Na lafe cikin ganye. Baba ya ajiye gora, ya goge hannu a riga, ya rusuna.

“Allah gafarta Malam, da ka aiko na zo. Wurin nan ba na zuwanka ba ne.”

“Ruwan fuskata ne a ciki, me zan ƙyamata?” Liman ya daɗe yana kallon ramukan, da zogalen. Sa'an nan ya ce, “Magana ce ta kawo ni. Abin da muke alwala da shi a yini zai shayar da yaran unguwa guda. Addini ya yi mana sauƙi. In ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, a yi taimama da ƙasa. Dattawa sun yarda. Amma an ce mini ruwan nan shi ke riƙe da gidanka, an kuma gaya mini abin da ka ce wa ƙanenka. Shi ya sa ban sanar ba sai na ji daga bakinka. In ka ce a dakata, sai a ɗan dakata.”

A raina ina ta cewa, ka ce a dakata, Baba, ka ce a dakata. Da ni mai baki ce da na fito na faɗa. Ganyen da ke hannuna na matse har ya yi ruwa.

Baba ya dubi kwatar, ya bi ta da ido har cikin gari. Ya ce, “Malam, ruwan da yaro zai sha ne za a wanke ƙafa da shi don ganyena? A sanar kawai.”

“Ka yi tunani dai.”

“Na yi. Da ma ni ragowa nake karɓa. In babu ragowa, shi ke nan.”

Liman ya sa masa albarka ya juya. Da ya yi nisa Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Uwata, fito, na ga zanenki.” Na fito. Ya karɓi ƙwaryar ganyen ya ɗora mini a ka, ya ce kada in riga shi gaya wa Inna.

Da ya gaya mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ka kyauta, Malam,” ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ran Juma'a aka sanar. Ina bayan katangar masallaci na ji abin da ban taɓa ji ba: maimakon ƙarar butoci da kurkurar baki, sai tafukan hannu suna bugun ƙasa, bub, bub, ko'ina. Aka mirgina randunan aka kai bakin rijiya. Na je ramin farko na tsaya kamar kullum. Aka sallame, mutane suka watse, ba abin da ya biyo kwata sai wani busasshen ganye da iska ke turawa.

Ni da Inna ba mu daina yawon tulu ba, amma mun san abin da muke yi. Ramin farko ya zama laka, lakar ta tsattsage. Kacala ta yi rawaya daga sama zuwa ƙasa, in iska ta taɓa ta sai ta yi ƙara kamar takarda. Kwaɗin da ke rami na uku suka ɓace, ban san inda suka je ba. Zogale ya fara zubar da ganye tun ba a tsinka ba.

Da safen da na tsoma kara ya fito a bushe, na daɗe a tsugune. Na yi niyyar in tofa masa yawu in kai gida a jiƙe, sai na ji a bakin nawa ma babu. Na ɗauke shi haka nan. Baba na zaure yana gyaran ƙotar shebur. Na miƙa masa. Ya juya shi, ya ga alamun farcena tun daga sama har ƙasa. Ashe bai san ina yi ba.

Ya ce, “Kai, uwata. Ashe ina da mataimaki ban sani ba.” Ya yi murmushi, ya soke karan a jikin azarar zaure.

Bai tafi nan da nan ba. Sai da ya kwashe busasshiyar lakar ramin farko tas ya kai gona. Ya tone tsakuwar rami na biyu ya tankaɗe, ya zuba sabon yashi, ya daka gawayi ya shimfiɗa, ya mayar da saiwar kacala a wurinta. Ya sare zogale daidai gwiwa, ya ce in an bar shi da tsawo zai mutu gaba ɗaya. Ya share kwata daga masallaci har ƙasa, busasshiyar kwata, mutane na wucewa suna kallon sa. Mahauci ya ce masa, “Kai kuwa wa kake yi wa shara, aljanu?” Ya ce, “Baƙo nake jira.” Ya nuna mini toshiyar da ke tsakanin ramin farko da na biyu, ya ce in ruwa ya dawo kada in buɗe sai datti ya kwanta, in ga saman ya yi haske.

Baffa ya dawo kamar yadda ya ce, ran kasuwa suka hau kamiyo tare. Baba ya zauna a kan buhunan wasu, ya rufe baki da rawani saboda tari. Inna ba ta fito ba. Ni na raka su har bakin hanya, ina da magana cike da baki, amma abin da na iya cewa kawai shi ne, “Allah ya kiyaye.” Ya ce, “Amin, uwata. Ki kula mini da toshiya.”

Sau biyu dawar da Baba ya aiko ta iso mana daga hannun masu dawowa. Da ita muka kai damina.

Ruwan farko da ya sauka a shekarar da ta biyo, da rana tsaka ya zo. Mutane suka fito suna tsaye a cikinsa, tsohuwar nan tana guɗa. Bayan 'yan makonni rijiya ta ɗago, aka mayar da randuna masallaci. Rariyoyi suka farka ɗaya bayan ɗaya, masu ƙaura suka fara dawowa. Duk kamiyon da ya tsaya ina bakin hanya.

Baffa shi kaɗai ya sauko. Tun daga yadda ya riƙe buhun kayan Baba a ƙirji maimakon ya saɓa a kafaɗa na gane. Ya ce ƙirjin ne; ya tashi masa a wurin dako, bai yi doguwar jinya ba, a can aka rufe shi. Liman ya zo gaisuwa ya zauna a zaure, ya kasa cewa komai ban da addu'a. Inna ta aika masa da ruwan sha ta hannuna, ta ce in ce masa babu komai tsakaninmu sai alheri. Na durƙusa na ajiye kwanon, maganar ta maƙale. Ina jin ya gane.

Bayan an share makoki na gangara bayan gari. Ramin farko ya cika, samansa ya yi haske. Na cire toshiyar kamar yadda aka nuna mini, na zauna ina kallon ruwa na shiga cikin yashin da Baba ya zuba da hannunsa. Ya ɗauki lokaci. Can sai ya fara tsatsowa a rami na uku, garau, ba ko ɗigon dauɗa. A jikin kututturan zogale wasu 'yan ganye sun fito, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Hukuma ta sa wani a aikin daga baya, mutumin kirki, ya kuma bar mana zogalen. Karan nan kuwa yana soke a azarar zaure har na bar gidan. Inna takan share yanar gizo-gizo ta ko'ina, ta kewaye shi.